Gurbi Goma, Zurfi Ɗaya

Malama ta yi shekara talatin da huɗu tana koyar da lissafi kafin ta yi ritaya. A satin farko na hutunta ta gyara durowar kicin da ta shekara biyu tana cijewa, daga nan kuma abin ya shiga ranta. Ta sayi zarto, ta sayi kurfi uku na sassaƙa da gudumar katako, ta kwashe tarkacen da ke ƙaramin ɗakin kusa da baranda, ta kafa tebur a ciki. Maigidanta ya ce shi ya ɗauka idan mutum ya yi ritaya jarida yake karantawa. Ta ce masa ya karanta musu su biyu.

Inji kuwa ko ɗaya ba ta saya ba. A hawa na biyu suke zaune, kuma matar da ke ƙasa da su nas ce mai aikin dare, da rana take barci. Sau ɗaya Malama ta ari injin huda bango, nas ɗin ta hauro da idanu jajur, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta kawai. Tun ranar Malama ta ce komai da hannu za ta yi. Ko buga kurfi ma sai da yamma, bayan ta ji an buɗe famfo a ƙasa.

Cikin wata takwas ta yi ƙaramar kujera, ta yi akwatin ajiye takalma, ta yi wani abu da ta ce teburin waya ne, maigidan ya ce sai an faɗa wa mutum. Sai wata rana ta leƙa tsohuwar makarantarta. Shugabar makarantar, wadda ta taɓa zama ɗalibarta, ta kai ta wani ɗaki da aka yi wa sabon fenti, ta ce nan ne za a mayar ɗakin karatu. Littattafan suna ƙasa cikin kwalaye, wasu har sun fara lanƙwashewa.

"Kanta ce ba mu da ita, Malama," in ji shugabar.

"Ni zan yi muku."

Bakinta ne ya riga ta. Sai da ta fito titi ta tuna saura sati uku a koma makaranta.

Ta zana kantar a littafinta. Dogayen katakai biyu a tsaye, allo biyar a kwance tsakaninsu, kowane allo ya shiga gurbi a dama ya shiga gurbi a hagu. Gurbi goma ke nan. Ba ta son ƙusa, so take katako ya kama katako. Ta ja layi biyu da fensir, ta yanka su da zarto, ta cire naman tsakiya da kurfi. Gurbi biyu suka ci mata yamma biyu. Da ta zura allon farko sai ya zauna yana rawa, ta duƙa ta hango hasken taga ta ƙarƙashinsa. Ta ɗauko ma'auni. Nan zurfin milimita shida ne, can takwas, a tsakiya kuma wani tudu ne da ba ta san inda ya fito ba.

Shekara talatin da huɗu tana gaya wa 'ya'yan mutane shida ba takwas ba ce. Ta zauna a kan ƙaramar kujerarta ta yi tagumi.

A waya ta ga maganin abin. Wani mutum ne a bidiyo yake tura wani ɗan ƙarfe mai faffaɗan gindi da dunƙulallun mariƙai biyu, ɗaya a kowane gefe. Ta tsakiyarsa wata wuƙa ta sauko, lanƙwasasshiya kamar ƙafar mutum. Gindin yana zaune a saman katako, wuƙar tana can cikin gurbi tana share ƙasansa, duk inda aka kai ta zurfin ɗaya ne. Malama ta kalli bidiyon sau shida. Ta kai wa maigidan har falo.

"Ka ga! Ka ga abin da nake nema! Rauta ce, amma ta hannu. Ba wuta, ba ƙara."

"To sai ki saya," in ji shi, bai sauke jaridar ba.

"Wacce? Iri nawa ka san akwai?"

Bai sani ba, ita ma sai da ta bincika ta ga ba ta sani ba. Akwai babba, akwai ƙarama. Akwai mai buɗaɗɗen gaba da ake hango wuƙa, akwai mai rufaffen gaba. Wata tana da noti da ake murzawa a sauke wuƙa kaɗan-kaɗan, wata sai dai ka sassauta ka tura da yatsa. Ta kira yayanta.

Yaya kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar. Yana da babban wurin aiki cike da injina, kuma injinan sun cinye masa rabin ji, shi ya sa duk maganarsa kamar yana kiran wani daga tsallaken titi. Ta nisantar da wayar daga kunnenta.

"Auta, kawo katakon nan wurina! Minti goma a inji, ki tafi gida ki huta!"

"Yaya, ni na ce zan yi musu. Ban ce yayana zai yi ba."

"To wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce rabonsa da ganin rauta ta hannu tun yana koyon aiki, amma idan akwai wanda ke ajiye irin wannan shirgin a garin nan, to Dogo ne. Ya ce ta shirya ranar Asabar da safe, zai kai ta, don kada a sayar mata da abin buɗe gwangwani.

Ta shirya kamar mai shiga aji. Ta ja layuka a littafinta, ta rubuta abubuwa bakwai da za ta duba, kowanne maki goma. Ta yanko guntun katako ta yi masa gurabe huɗu da zarto da kurfi, ta bar ƙasansu da tudu da kwari don gwaji. Ta sa ma'auni da tabarau a jaka. Ƙarfe takwas tana bakin titi tana jiransa, ita da suka yi da shi tara.

Shagon yana wani siririn lungu bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Ciki dogo ne kamar rariya, kantoci har rufi, ko'ina warin man ƙarfe. Dogo kuwa gajeren mutum ne, sai ya taka akwati yake kai kanta ta uku.

"Kafinta! Yau kai ne a shagona? Inji ya mutu ne?"

"Ƙanwata na kawo maka!" in ji Yaya. "Wai rauta ta hannu take so!"

Dogo ya dubi Malama, ya dubi katakon da ke hammatarta. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Hajiya, sake faɗa."

"Rauta ta hannu. Ta share ƙasan gurbi."

"Shekara biyu!" ya ce yana tafa hannu. "Shekara biyu ba wanda ya shigo ya tambaye ni ita. Kowa inji, inji. Zauna, Hajiya. A'a, kada ki zauna, zo nan."

Ya ja akwatinsa ya hau, ya sauko da kwali, ya sake hawa, ya sake saukowa. Ya share ƙurar teburin gwaji da hannun rigarsa, ya matse katakonta a jikin teburin, ya jera mata rauta guda uku.

Ta farko 'yar ƙarama ce, tafin hannu ya fi ta. Malama ta ɗauke ta tana murmushi kamar an miƙa mata jinjiri. Dogo ya ce wannan ta gurbin hinjin ƙofa ce da ƙananan akwatuna. Ta ɗora ta a gurbin farko ta tura da yatsu. Wani siririn ɓawon katako ya nannaɗo ya fito, ya faɗi a kan takalminta.

"Wayyo Allah! Yaya, ka gani? Ka ga yadda ya fito?"

"Na gani! A haka sai jikokinki su ƙarasa kantar!"

Gaskiyarsa ce, ko da yake ba ta faɗa ba. Kafin ta kai ƙarshen gurbin yatsunta sun fara ƙagewa. Ta buɗe littafi ta ba 'yar ƙaramar makinta, ta shafa ta, ta ajiye gefe.

Ta biyu ita ce sarauniyar kwalin. Babba, mai sheƙi, da wuƙaƙe uku a jere cikin soso, da ɗan ƙarfen da ke bin gefen katako don layi ya miƙe, da zoben da ke tsayar da wuƙa idan ta kai zurfin da ake so. Malama ta bi layukan littafinta ɗaya bayan ɗaya tana ba da maki. Goma. Goma. Tara. Goma. Zuciyarta ta riga ta tafi gida da ita.

Ta murza notin ta sauke wuƙar zuwa shida daidai, ta ɗaure, ta tura. Abin yana tafiya kamar mota sabuwa. Da ta gama sai ta zura ma'auni don ta nuna wa Yaya. Ta cire tabarau ta goge, ta sake zurawa.

"Shida da rabi."

"Rabin milimita, Auta! Ko ƙuda ba zai gani ba!"

"Ni na gani."

Ta kwance, ta sake saitawa, ta sa ido a kan wuƙar tana ɗaurewa a hankali. Sai ga shi, daidai lokacin da ɗaurin ya kama, wuƙar ta ɗan noƙe ƙasa. Ta sake ɗaurewa, wuƙar ta sake noƙewa. Dogo ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen.

"Wallahi haka ne," ya ce. "Shekara biyu tana shagona ban lura ba. Hajiya, me kika ce sana'arki?"

"Lissafi na koyar."

"Allah ya jiƙan yaran," in ji Dogo, Yaya kuma ya fashe da dariya har mai katifa ya leƙo.

Akwai wani abu kuma. Gaban wannan babbar a rufe yake, sai ta karkata kai take ganin inda wuƙa take, tabaraunta yana zamowa kan hanci. Dogo ya ce rufaffen gaba ya fi zama daram idan ana aiki a siririn gefen katako. Ta ce ita aikinta a faɗin katako yake, kuma tana son ganin abin da take yankawa.

Ta uku ba ta da wani ado. Matsakaiciya ce, baƙa, wuƙa ɗaya tak, babu ƙarfen bin gefe. Amma gabanta a buɗe yake kamar bakin gada, kuma da Malama ta kama mariƙan sai suka cika mata hannu daidai. Ta juya ta, ta ɗora gefen ma'auni a gindinta ta ɗaga wa hasken ƙofa. Ko ɗigon haske bai ratsa ba. Ta tambayi yadda ake wasa wuƙa mai lanƙwasa haka. Dogo ya kwance ɗan sukuru ɗaya, bakin wuƙar ya fito a tafin hannunsa, ɗan fallen ƙarfe da za a iya gogawa a dutse kamar kurfi.

"Bari in gwada ta," in ji Malama, ta juya wajen teburin.

Sai ta tarar an riga ta. Tana can tana hira da Dogo, Yaya ya ɗauko wani abu daga bayan teburin, wani dunƙulen tsohon katako da hannu ya goge shi har yana ƙyalli, da baƙin ƙarfe soke a tsakiyarsa an danne shi da ɗan fegi. Ita ma rauta ce, irin ta da. Ya ɗauko ta ne don ya nuna musu shirmen da aka bari a baya. Ya tura sau ɗaya yana zuba surutu. Ya tura na biyu. A na uku ya yi shiru.

Ba ta taɓa ganin Yaya ya yi shiru a gaban katako ba. Ya duƙa, ya karkato kunnensa mai ɗan ji wajen gurbin, yana turawa a hankali. Wuƙar tana cewa shiii, shiii, ɓawo yana taruwa gaban yatsunsa.

"Auta," ya ce, kuma yau muryarsa ƙasa-ƙasa take. "Kin ji? Ina jin katakon. Nan yana da taushi, nan akwai gaɓa. Tun kafin in kai wurin nake jinta." Ya sake turawa. "Rabon da in ji wannan ƙarar har na manta."

Ta tsaya tana kallonsa. Sai idonta ya sauka kan katakon.

"Yaya! Ka cinye mini gurabena!"

Ya gama na uku, ya kusa rabin na huɗu.

"Bari in ƙarasa wannan!"

"Na gwajina ne! Da me zan gwada ta ukun?"

"Ke da kika yi biyu? Ni ma biyu!"

"Katakona ne!"

"Ni na kawo ki!"

Mace mai shekara sittin da namiji mai sittin da shida suka kama jan katako ɗaya, shi yana kare shi da gwiwar hannu, ita tana dukan kafaɗarsa da littafi. Dogo ya riƙe ciki don dariya. Da ya samu numfashi ya shiga ciki ya fito da wani guntun katako, ya karɓi zarto ya yanka mata sababbin layuka, ya fasa tsakiya da kurfi cikin minti biyu.

Ta saita ta ukun a shida, ta ɗaure tana kallon wuƙar. Ba ta motsa ba. Ta tura. Tana ganin bakin wuƙar sarai yana cin tudun, tana ganin inda ya saura. Ta bi gurbin daga wannan gefe zuwa tsakiya, ta juyo daga wancan, kamar yadda Dogo ya ce, don kada bakin katakon ya tsage. Ta zura ma'auni a farko. Shida. A tsakiya, shida. A ƙarshe ta rufe ido ta zura, sannan ta buɗe.

"Shida!" Ta ɗaga hannu biyu sama. "Shida, shida, shida!"

Ta koma littafi ta haɗa maki, sai fuskarta ta sauya. Babbar mai sheƙi ta ci sittin da ɗaya. Baƙar ta ci hamsin da huɗu, saboda babu ƙarfen bin gefe, babu wuƙaƙe uku.

Yaya ya leƙo ta kafaɗarta. "To, Malama! Za a kayar da na ɗaya a aji?"

Ta ciji alƙalami. A rayuwarta ba ta taɓa saɓa wa abin da jimla ta ce ba. Ta dubi babbar tana ƙyalli a cikin sosonta. Ta tambayi kanta sau nawa za ta yi amfani da ƙarfen bin gefe a gurbi goman nan, amsar ta zo mata babu ko sau ɗaya. Ta rufe littafin.

"Ni na rubuta jarrabawar, kuma ban rubuta ta daidai ba. Malam Dogo, naɗe mini baƙar."

"Ni kuma wannan!" in ji Yaya, ya ɗaga tsohuwar.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce," in ji Dogo. "Da ita nake aikina. Ajiye."

Yaya ya roƙa, ya yi fushi, ya tuna wa Dogo shekarun da suka yi tare. Dogo ya ce ko shekara ɗari ce. Ya jawo durowa ya fito da wuƙa ɗaya tsirara, ya dangwara masa a hannu.

"Kai ba kafinta ba ne? Dunƙulen katako ne da rami da fegi. Je ka yi taka."

A mota Malama ta rungume kwalin a cinya. Sun kusa gida ta ƙwalla ƙara har Yaya ya taka birki.

"Lafiya?"

"Ba sai na jefar da katakon da na ɓata ba! Wurin da ya fi zurfi takwas ne. In saita ta a takwas, duka goman su zama takwas. Shi ke nan!"

"Don wannan kika kusa jefa mu kwata?"

Ran nan ko mayafi ba ta cire ba ta shige ɗakin aikinta. Gurabe biyun da suka sa ta tagumi ta gyara su kafin a gama dafa shayi. Ta zura allon, ya shiga da ɗan ƙarfi, ya zauna bai ce uffan ba. Ta kira maigidan ta sa shi ya duƙa ya nemi hasken taga ta ƙarƙashi. Ya ce bai ga komai ba. Ta ce ya sake dubawa. Ya ce baiwar Allah, bayansa na ciwo.

Daga nan ta tsara aikinta. Zarto da kurfi da yamma, rauta da safe, tunda ƙararta ba ta kai ta shara ba. Ta koyi cewa idan ta yi haɗama ta sauke wuƙar da yawa lokaci ɗaya, sai ta cije ta tsaya, don haka take murza notin kaɗan, ta share, ta ƙara kaɗan. Ran Talata bakin ya dakushe, ta kwance shi ta goga a dutse, ta gwada a gefen takarda ya yanka ba gardama. Ta yi ta yawo a gida tana neman abin da za ta yanka.

Ran Laraba da hantsi aka buga ƙofa. Yaya ne, da wani abu naɗe a tsumma. Ya buɗe a kan teburinta, sai ga rautar da ya haɗa da wuƙar Dogo. Ya samo katako mai tauri, ja-ja, ya sassaƙa masa wurin zaman babban yatsa a kowane gefe, ya goge shi da mai.

"Kwana uku na bar ma'aikatana da injina ina fama da wannan," ya ce. "Sun ɗauka na taɓu. Saura gurbi nawa?"

"Huɗu."

"Ba ni biyu."

"Ɗaya."

"Auta, ni na goya ki."

Ta ba shi biyu, da sharaɗin za ta auna. Suka tsaya a gefe biyu na teburin, ita da tata, shi da tasa. Tasa ba ta da noti, da ƙaramar guduma yake ɗan taɓa wuƙar ta sauka, yana lumshe ido ɗaya. Ya riga ta gamawa, ya harɗe hannu. Ta bi gurabensa da ma'auni wuri biyar-biyar tana neman laifi.

"Nawa?" in ji shi.

"Takwas," ta ce da ƙyar.

"Ban ji ba!"

"Ka ji sarai."

Saura kwana biyu a koma makaranta suka loda katakan a bayan motar Yaya, ba a haɗe ba, don ba za ta sauka matakala a haɗe ba. A ɗakin karatun suka kwantar da dogo ɗaya a ƙasa, ta shafa gam a gurabe, suka dasa alluna biyar, suka kifa ɗaya dogon a kai. Yaya ya ɗora guntun katako yana bugawa a hankali, kowane allo yana shigewa gurbinsa da wata 'yar ƙara mai daɗi. Suka ɗaure ta da igiya, suka zauna shan ruwa har gam ya kama. Shugabar makaranta ta zo, da malamai biyu da mai gadi. Aka kama aka miƙar da kantar a jikin bango.

Sai ta karkata. Ba sosai ba, amma kowa ya gani. Ta jingina hagu kamar mai jin barci, kuma da mai gadi ya taɓa ta sai ta yi rawa.

Malama ta jawo jakarta. Ta laluba tana neman ma'auni. Gurbi goma, ta auna kowanne, ta san ta auna. Shugabar ta fara cewa ai ba komai, Malama, ta yi kyau a haka, wannan kuwa ya fi komai ƙona mata rai.

Yaya ya matso. Ya karɓi alƙalaminta ya ajiye a ƙasan ɗakin, nesa da kantar. Alƙalamin ya fara gangarawa shi kaɗai, ya bi siminti a hankali har ya je ya daki bangon hagu.

"Kantarki lafiya lau take!" ya ce. "Wanda ya zuba simintin nan ne bai shiga ajinki ba!"

Aka kwashe da dariya, ita ce ta fi kowa, har ta dafa bango tana share ido. Yaya ya fita mota ya dawo da guntun katako, ya sassaƙa siririn fegi, ta durƙusa ta tura shi ƙarƙashin ƙafar hagu tana cewa mai gadi ya ɗaga, ya ƙara, ya isa. Ta miƙe ta girgiza kantar da hannu biyu. Ko gezau.

Aka farke kwalaye. Malaman suna miƙowa, shugabar tana jerawa, Malama tana gyara musu, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kada a danne wancan. Allo biyar suka cika maƙil, saura kwali huɗu ba a ko taɓa ba. Shugabar ta dubi kwalayen, ta dubi Malama.

"Na 'yan aji ɗaya ne waɗannan," in ji ta. "Su kam ko an jera a nan hannunsu ba zai kai ba."

Malama ta dubi bangon da ke ƙarƙashin taga, ta auna shi da ido.

"Gajeriya za a yi musu, mai faɗi, allo biyu, su riƙa zama a samanta. Yaya, kama mini bakin tef ɗin nan. A'a, daga kusurwa. Daga kusurwa na ce!"